Kitsen da Ya Rufe Zuciyar Babanku

Abba, kai da ƙannenka kun tashi da labarin cewa sammu aka yi wa babanku, kuma abokin aikinsa Alhaji Isiyaku ne ya yi masa saboda kujerar darakta. Na sha jin kuna faɗa wa matanku da mazanku, har jikata na ji tana ba ƙawarta labarin a waya kamar a gabanta aka yi. Shekara da shekaru ina jin ku, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya soma gajiya, kuma Alhaji Isiyaku ya riga mu gidan gaskiya ba tare da ko ɗayanku ya taka ya je gaisuwa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance, daga layya zuwa layya. Bawan Allahn nan bai yi wa babanku komai ba.

Ku yanzu ba kwa tuna babanku siriri sai a hoto. Lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu Abuja muka tare a gidan gwamnati a Garki, babbar riga rataye take a jikinsa kamar an shanya ta a igiya. Mahaifiyarsa, Inna, duk zuwan da za ta yi daga gida sai ta kama hannunsa ta jujjuya, ta dube ni ta ce ko dai gidan nan ba a ɗora tukunya ne. Da wasa take faɗa, amma ni ba da wasa nake ji ba. To da soja suka koma bariki farar hula suka hau, sai Abuja ta buɗe. Yau taro a wannan otal, gobe bita a wancan, ko'ina an jera abinci kowa ya ɗiba da hannunsa. Aka ba shi mota da direba, ofis ɗinsa ga na'urar sanyi ga lifta, tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga ƙofa zuwa mota. Ni kuma a gida na ɗaura ɗamara: tuwon shinkafa da miyar taushe tana ninƙaya a man shanu, farfesun kayan ciki da safe, fura da kindirmo bayan la'asar. Cikin 'yan shekaru wuyansa ya ɓace, tumbi ya fito, tela ya riƙa ƙara yadi. Mutane suka ce Abuja ta karɓe shi, mata suka riƙa tambayata me nake ba shi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi ƙwarai, har tafiyata ta canza.

Haka nake da ragon layya ma. Ban yarda da ragon kasuwa ba, ni nake turke nawa a bayan gida tun saura wata shida. Dusa, harawa, ƙowar wake, ruwan kanwa, sauran tuwo, ba ya motsawa daga turken sai dai ya kwanta ya tashi. Na shekarar nan da nake ba ku labari ya fi duk waɗanda na taɓa kiwatawa. Maƙwabta har leƙowa suke ta katanga su gan shi. Sai dai yana da wani irin numfashi: ya ja iska da ƙyar da ɗan kuka a ciki, ya yi shiru har ka ce ya mutu, sannan ya sake ta gaba ɗaya.

Kicin ɗin gidan nan a tsakiya yake, taga tana kallon turken rago, ƙofa tana kallon falo inda babanku yake kishingiɗa a doguwar kujera bayan azahar ran Asabar. Wata rana ina wanke shinkafa na ji numfashin ya ɗauke, shirun ya yi tsawo fiye da kullum. Na saki ƙwarya na shiga falo da gudu in tashe shi. Ba kowa a kujerar. Ashe ya fita tun ɗazu, ragon nake saurare. Na tsaya a tsakiyar falon hannuna yana ɗigar ruwa, a lokacin na gane na jima ba na iya bambance numfashin mijina da na dabbar da ke ɗaure a bayan gida. Ban faɗa wa kowa ba.

Ran Sallah babanku ya yanka ragon da hannunsa, ya miƙe yana haki, ya koma ciki. Al'adarsa ce ba ya sa komai a baki ranar sai an gasa masa hanta da zuciyar abin layyarsa. Mai yi mana fiɗa wani dattijo ne daga Jiwa, nan kusa da Abuja, Baba Ɗanjuma, kowace shekara shi ke zuwa da wuƙaƙensa a buhu. Ina hura gawayi ya kira ni. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Hajiya, zo ka gani."

Na zo na tarar da wani dunƙulen kitse a tafin hannunsa, rawaya, yana sheƙi. Na ce masa zuciyar nake jira, ba kitse ba.

"Shi ne wannan," in ji shi. "Zuciya yana ciki."

Ya sa wuƙa ya tsaga. Sai da ya yi nisa kafin nama ya bayyana, kuma naman ba ja ba ne sosai, ya koɗe, ga zaren kitse ya ratsa shi ta ko'ina har ciki. Ya danna da babban yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Shekara nawa ina fiɗa. Rago mai lafiya, naman zuciyansa ja ne, yana ture yatsa. Wannan kitse bai tsaya a waje ba, ya shiga ciki. Ko ba a sa masa wuƙa yau ba, Hajiya, ba zai ga sabon wata ba."

Na karɓa na ce ai kiwo ne ya yi kyau. Na gasa, na barbaɗa yaji, na kai wa babanku. Ya cinye tas yana sa mini albarka, ni kuwa ina tsaye ina kallon maiƙon a leɓensa. Sauran kitsen ragon na soya na tace kakide, na cika babban gwangwani na ajiye a sito.

Ba a yi wata ba takalmansa suka daina shiga ƙafarsa da yamma. Ya koma yin sallah a zaune, ya koma kwana da filo uku, wata rana kuma ya sunkuya zai ɗauki carbi sai ya kasa ɗagowa, fuskarsa ta yi baƙi. Da ƙyar na ja shi asibiti, aka haɗa mu da likitan zuciya, Dakta Ayuba, wani ɗan Ushafa mai magana a hankali. Ya kwantar da shi a wani ɗaki mai duhu da rana tsaka, ya shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, ya ɗora na'ura. Sai ga hoto a allo, toka-toka, wani abu yana matsewa yana saki. Ya murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da ƙara kamar ana tafiya cikin taɓo, wani lokaci takun ya yi tuntuɓe ya ci gaba. Ban taɓa zaton zan ji cikin mijina da kunnena ba. Likitan ya nuna wani kauri da ya kewaye abin da ke motsin, ya ce in duba nan. Ba sai ya faɗa mini ba, na riga na gan shi a hannun Baba Ɗanjuma.

"Madam, kowa yana da ɗan kitse a kan zuciya, Allah ya sa shi don amfani," in ji shi. "Amma na oga ya yi yawa. Kitsen tumbi yana da fata da nama tsakaninsa da sauran jiki. Wannan babu katanga, a kan naman zuciya yake zaune kai tsaye, jijiyar jini ɗaya suke sha. In ya yi yawa sai ya fara zubo wa naman abin da ke sa shi kumburi, yana kutsawa ciki, naman ya yi tauri. Zuciya tana so ta saki jiki ta cika da jini kafin ta tura. Tasa ba ta iya sakin jiki sosai. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu, shi ya sa bugun ke tuntuɓe."

Babanku ya tambaya ko aiki za a yi a yanke shi.

"Ba a yankewa, oga. In ka rage jiki, shi ma yana raguwa. Abin da ya riga ya yi tauri ba lallai ya dawo duka ba, amma zuciyar za ta samu sarari. In ka ci gaba haka, wata rana za ta yi tuntuɓe ba ta tashi ba."

Ya rubuta magani, ya ce mu riƙa zuwa kowane wata, sannan ya dube ni ya ce rabin maganin a kicin ɗina yake.

Na riƙe maganar da hannu biyu. Na ɗauke man shanu, na rufe gwangwanin kakide, na koyi dafa kifi da ganye, tuwo ya koma mulmula ɗaya. Bayan asuba mu fita mu zaga unguwa a ƙafa, shi yana mita, ni ina tsokanarsa cewa tsohon ɗan ƙwallo ne ya zama buhu. Abba, kana jami'a lokacin, ba ka ga watannin nan ba, kuma su ne mafi daɗin zamana da babanku. Wata huɗu ya sauke nauyi mai yawa. Ya koma sallah a tsaye, ya ajiye filo biyu, ƙafarsa ta saɓe. Bayan azahar in tsaya a kicin in kasa kunne, ba na jin komai sai fanka. Dakta Ayuba ya sake dubawa ya ce kaurin ya soma ja baya, har ya miƙa wa babanku hannu.

Abin da likita bai lissafa ba, ni ma ban lissafa ba, shi ne idon mutane. A shekarun nan ƙanjamau yana bakin kowa, hotunan gargaɗi a kowane shataletale, kuma abin da jama'a suka sani game da shi ɗaya ne: mutum ya rame. To ga babban ma'aikaci mai yawan kwana a otal-otal, ya zube cikin wata huɗu, wuyan riga ya yi masa yawa. Ba wanda ya ce mana komai. Sai dai masinjan ofis ya ware masa kofinsa daban. Wanzamin da ya shekara goma yana yi masa aski ya ce gara ya riƙa zuwa da askarsa. A masallaci wasu suka koma miƙa masa kan yatsu. Na aika wa maƙwabciyata dambu, kwanon ya dawo yadda na rufe shi, wai sun ƙoshi. Ya je ya yi gwajin, takarda ta nuna ba shi da komai, amma wa zai manna takarda a goshi ya yi yawo da ita? Ga shi ana shirin zaɓen sabon darakta, su biyu ake magana, shi da Alhaji Isiyaku.

Ku riƙe wannan da kyau. A duk ma'aikatar nan mutum ɗaya ne ya ci gaba da zuwa gidanmu yana sa hannu a kwano ɗaya da babanku, Alhaji Isiyaku. Ran Lahadi zai zo da lemo da kankana a leda. Da kunnena na ji yana cewa:

"Kada ka saurari kowa, Alhaji. Ka bi maganar likitanka. Kujera in taka ce za ta same ka, in tawa ce za ta same ni."

Ni abin da ya karya ni a gidan suna ya faru. Aka ajiye mana tire mu shida, matan manyan ma'aikata, waɗanda muka shekara muna cin abinci tare. Na wanke hannu na sa. Ɗaya ta ce azumi take, ɗaya ta ce bari ta amsa waya, ɗaya ta tashi neman ɗanta. Kafin in haɗiye loma ta biyu ni kaɗai ce a gaban tiren, ɗaki cike da mata kowa tana kallon wani wuri. Na dawo gida na tarar Inna ta iso daga gida ba sanarwa, magana ta kai mata har can. Ta ga ɗanta ta fashe da kuka. Da ya fita masallaci ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ke 'yar nan, ki dubi Allah ki faɗa mini gaskiya. Abin da ake faɗa ne?"

Na rantse mata ba shi ba ne, na yi mata bayanin kitse da zuciya iyakar iyawata.

"Kitse?" ta ce. "Yau ni ake gaya wa ƙiba ciwo ce? Na haifi ɗa siriri, Allah ya rufa masa asiri ya yi jiki, ke kuma kin zauna kina tsame shi. In ba shi da komai, ki nuna wa duniya ba shi da komai. Ni ba zan iya shiga biki a garinmu ba."

Washegari na shiga sito na sauko da gwangwanin kakide. Na tuna sarai yadda murfin ya yi ƙara, da warin ragon da ya bugi hancina. Na yi tuwon shinkafa malmala huɗu, na narka kakiden a miya, na ƙara man shanu a kai. Babanku ya buɗe kwano ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Hajiya, likita fa?"

"Likita ba shi zai zauna a gaban tire shi kaɗai ba," na ce. "Ka ɗan mayar da jiki, a ba ka kujerar, bakin mutane ya mutu. Sai mu koma."

Ya wanke hannu. Na san shi ma ya gaji da kan yatsu, amma ba zan raba laifin biyu in ba shi rabi ba, don ba ya nan da zai kare kansa. Ni na ga zuciyar rago a hannun mahauci, ni na ga tasa a allo, ni kuma na ɗora tukunyar. Yawon asuba ya tsaya. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Dakta Ayuba ya kira ni a wayar hannu, lokacin ba a daɗe da fara riƙe su ba.

"Madam, wata biyu ban ga oga ba."

Na ce masa ya samu sauƙi, mun gode.

Jikin ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi, har da ƙari. Masinja ya mayar da kofinsa cikin na mutane. Maƙwabciya ta aiko mini da waina. Matan nan na gidan suna suka riƙa rungume ni suna cewa masha Allah, Alhaji ya murmure. Aka ba shi darakta, Inna ta yi mini addu'a har da hawaye. Duk lokacin da na ce a raina gobe zan rage mai, sai wani ya zo taya murna, in ce bari a ƙara mako ɗaya. Na turke sabon rago a bayan gida kamar kullum. Filo ya koma uku, takalma suka sake matsewa, numfashin nan kuma ya dawo gidan, ta taga da ta ƙofa.

Saura mako biyu layya, ran Asabar, ya ci abincin rana ya kishingiɗa a doguwar kujera. Ina kicin ina dama masa fura, kunnena yana kansa. Ina jin sa, ya ja da ƙyar, ya yi shiru, ya saki. Na ce barci ya yi daɗi, kada in tashe shi. Na yi wanke-wanke, na tsince wake, na share ƙasa, numfashin bai fasa ba, ya kai awa guda. Da aka kira la'asar na ɗauki kofin fura na shiga falo, na taɓa hannunsa, na ji shi da sanyi. Ƙirjinsa ba ya motsi. Amma ina tsaye a kansa ina jin numfashin yana ci gaba, yana shigowa ta tagar kicin. Likitan da ya duba shi ya ce ya jima da cikawa. Har yau ban san a wane lokaci cikin awar nan ya tafi ba, ko ya kira ni, ko ya miƙo hannu. Rago na zauna ina gadi.

A zaman makoki Inna ce ta fara faɗa. Mutum da ƙibarsa da lafiyarsa, daga hawa kujera sai mutuwa, to wa ke son kujerar? Wani ya tuna da lemo da kankanar ran Lahadi, shi ke nan magana ta zauna. Ina zaune cikin mayafi ina ji. Da na buɗe baki na ce ba haka ba ne, tambaya ta gaba ita ce to mene ne, amsar kuma ni ce. Sai na yi shiru. Alhaji Isiyaku ya zo gaisuwa idonsa jawur, ya miƙo maka hannu, Abba, ka ƙi karɓa. Ina kallo ta labule, ban hana ka ba.

Ran Sallah kawunku ya yanka ragon. Baba Ɗanjuma ya yi fiɗa, wannan karon bai kira ni ba, na dai ga ya naɗe wani abu a takarda ya sa a buhunsa. Na ɗauka da an yanka ragon zan huta. Washegari bayan azahar ina kicin sai na ji shi, a ja da ƙyar, a yi shiru, a saki. Na leƙa taga, turke ne kawai da igiya a ƙasa. Na leƙa falo, kujera ce da lotsawar jikinsa. Haka na yi takaba ina jin sa kowace rana a daidai lokacin nan, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ko kunnena ne, ko alhaki ne, Allah ya sani. Sai da muka bar gidan gwamnati muka dawo Gwarinpa ya rabu da ni, ban kuma sake turke rago ba.

Shekaru masu yawa ban ji shi ba, sai Juma'ar da ta wuce. Ina zaune a ɗakina na sama bayan azahar ina jan carbi, sai na ji shi a matakala, yana hawowa a hankali. A ja da ƙyar da ɗan kukan nan a ciki, a tsaya, a saki. Carbin ya faɗi daga hannuna, na kasa ko juyawa. Ya iso bakin ƙofa ya tsaya, sannan aka yi sallama, muryarka ce, Abba. Ka shigo kana goge gumi, ka zube a bakin gado, ka ce mini an yi maka ƙarin girma, kowa a ofis yana cewa ka zama babanka sak. Na duba ƙafarka na ga shatin takalmi.

Za ku je gidan Alhaji Isiyaku dukkanku ku nemi gafarar iyalinsa, ni zan shige gaba in faɗa musu abin da na rubuta a nan da bakina. Amma kafin nan, ran Litinin ƙarfe takwas ka zo ka ɗauke ni, na riga na sa an karɓa maka layin ganin likitan zuciya. Zan shiga ɗakin mai duhu tare da kai, in kalli allon da idona. Bayan nan duk wanda ya ga ka rame yana son sanin dalili, ka turo mini shi, ina gida.